Tabarmar da Farfesa Ya Zauna a Kai

Ƙanwata ta samu gurbin karatu a jami'a a shekarar da tsutsa ta cinye mana tumatir. Haɗa magunguna za ta karanta, kuma takardar ta ce ta je ta yi rajista cikin mako uku, in ba haka ba a ba wani. Baba ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya, duk da ba ya karanta boko, ya ninke ta ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya ce zai yi tunani. Duk gidan mun san abin da zai yi tunani a kai. Ni ne.

Ni ne ɗan fari, ni ne kuma na fara zuwa jami'a a zuriyarmu tun da ruwan dam ɗin Tiga ya ci tsohon garinmu aka dawo da iyayenmu wannan tudun na ƙasar Bebeji. Aikin gona na karanta. Shekara biyar ake yi, na yi bakwai saboda yajin aiki. Na dawo da kwali da tabarau da surutu, babu aikin yi. Da tsutsa ta shiga gonar Baba ta bakin ruwa, mutane suka ce to, yau ga ranar ɗan boko. Na tsaya a tsakiyar gona na faɗi sunan tsutsar da Turanci, na faɗi ƙasar da ta fito, na rubuta maganin da za a sayo a Kwanar Dangora. Aka fesa sau uku. Ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Maƙwabcinmu kuwa, wanda bai taɓa shiga aji ba, ya tsira da rabin nasa, don shi tun da ya ga alama ya tuge waɗanda suka kamu ya binne su. Baba bai ce mini komai ba. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Baffa, yayan Baba, shi bai iya shiru ba. Ɗan siyasa ne na gani-kashe-ni, irin wanda in jam'iyyarsa ta ce rana daga yamma take fitowa zai rantse ya gani da idonsa. Shi ne ya ɗauki maganar ƙanwata daga cikin gida ya kai ta majalisa.

Majalisar garinmu a gindin ɗorawar ƙofar masallaci take zama, bayan La'asar. A da tabarma ɗaya ce doguwa. Zaɓen da ya wuce ne ya raba ta, ranar da aka faɗi sakamako aka kaure da faɗa, aka ƙona rumfar mai shayi, wani mai facin babur ya rasa yatsu biyu. Tun daga ranar tabarma ta zama biyu. Ta gabas ta su Baffa ce, masu gwamnati. Ta yamma ta 'yan adawa. Kowace da butarta da kofinta da goronta. A masallaci za ka gan su sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, ana sallamewa kowa ya nemi tabarmarsa. Babu wanda ya kafa dokar, amma ko akuyar garin ta san ta: inda ka cire takalmi ka zauna, nan ce jam'iyyarka, ruwan da ka sha kuma ya zama shaida a kanka. Mai rake in ya zo, a tsaye yake yankawa a tsakiya, ya miƙa dama ya miƙa hagu. Baba kaɗai ne ba shi da tabarma. A kan wata saiwar ɗorawar da ta fito tsakanin biyun yake zama yana gyaran komarsa ta kamun kifi, kuma an ƙyale shi saboda kowa ya san ba ya zaɓe.

Kullum Baffa sai ya tayar da maganar, da ƙarfi yadda Baba zai ji.

"Jami'ar nan fa ba karatu ake yi ba. Malaman duk 'yan adawa ne. In namu na kan mulki su tafi yajin aiki, in zaɓe ya zo su sa babbar riga su hau talabijin su karanta sakamakon da suka ga dama. Ga shi nan, mun ba su yaro mai hankali, sun dawo mana da rediyo. Yanzu kuma 'ya mace za a kai musu?"

'Yan yamma su ma ba su bar jami'a ba. Su cewa suke yi malaman 'yan gwamnati ne, da kujerar kwamishina ake saye su. Abu ɗaya ke nan da tabarmun biyu suka yarda da shi a duniya, cewa jami'a ta lalace, kuma ni ne hujjarsu. Ina tsaye a gefe ina ji. Ina da zuciya, kowa ya sani, Inna takan ce da hannu a dunƙule na zo duniya. Nakan mayar da magana har jijiyar wuyana ta tashi, su yi ta dariya. Duk ranar da na buɗe baki sai na ƙara nisanta ƙanwata da makarantar, amma a lokacin gani nake yaƙi nake yi mata.

Da mako biyu suka wuce takarda tana nan a aljihun Baba, sai na tuna da malamin da ya duba mini aikin kammala karatu. Farfesa ne, ɗan gajeren mutum siriri mai furfura a gemu, takalminsa kullum da taɓo. Yana da gonakin gwaji a Doguwa, yakan wuce ta hanyarmu ranar Alhamis. Na kira shi na faɗa masa komai: tumatir, takarda, Baba, Baffa. Ya ce zai tsaya in yana dawowa. Abu ɗaya ne ban faɗa masa ba, maganar tabarma. Kunya na ji. Ta yaya zan ce wa farfesa dattawan garinmu ba sa shan ruwa a kofi ɗaya? Na ce a raina zan tare shi a bakin titi, in kawo shi da kaina, in ajiye masa kujera kusa da saiwar Baba.

Sai ya zo da wuri. Ina can bayan gari wajen mai kemis ina aron kujerar roba, ashe ya iso, ya ajiye tsohuwar motarsa, ya yi alwala ya bi jam'in La'asar. Da aka fito ya yi abin da duk ɗan mutunci zai yi. Ya duba wanda ya fi kowa tsufa a wurin, wani dattijo da idonsa ya fara mutuwa, ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya ja hannunsa ya zaunar da shi. Aka miƙo ruwa ya sha, aka ɓantaro goro ya karɓa. Tsohon nan kuwa shi ne uban tabarmar yamma.

Na iso da kujera a ka na tarar da shi a zaune ya harɗe ƙafa, yana tauna goro yana tambayar yadda ruwan dam ya yi bana. Na dubi fuskar Baffa, na tsaya cak da kujerar a ka.

"Ashe baƙon namu ya san gida," in ji Baffa, yana kallon sama.

"Alhamdu lillahi, Alhaji," in ji Farfesa, da murmushinsa. "Ai ko'ina gida ne."

'Yan yamma suka kwashe da dariya. Shi bai san abin da ya faɗa ba.

Baffa ya gyara zama ya nuna ni da sandarsa. "Allah ya gafarta Malam, ga ɗalibinka can da kujera a ka. Shekara bakwai yana hannunku. 'Yar tsutsar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba ta gagare shi. Me kuka koya masa?"

Na zaci zai kare ni. Bai kare ni ba.

"Gaskiyarka, Alhaji. Ajinsu ya fi ƙarfin ɗakin, wasu ta taga suke jin darasi. Tsutsar nan a hoto ya gan ta, bai taɓa riƙe ta a tafin hannunsa ba. Laifinmu ne, da na waɗanda suka bar mu babu kayan aiki."

"Su wa suka bar ku?"

"Duk wanda ya hau. Na ga mulki iri-iri, ɗakin gwajinmu yana nan yadda na same shi."

"To kai wa ka zaɓa?"

"Wannan tsakanina da Ubangijina ne. Amma ba zan ce maka ba ni da ra'ayi ba, in na ce haka na yi ƙarya. Ina da shi. A ƙofar aji nake ajiye shi in zan shiga."

"A can ka ajiye shi a ƙofa," in ji Baffa, "a nan kuma ka zauna a kansa."

Farfesa ya dubi tabarmar da yake kai, ya dubi ɗayar, ya dube ni. A lokacin ya gane, kuma kallon da ya yi mini har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni. Amma bai tashi ba, don tashi a lokacin cin mutuncin tsohon da ya zaunar da shi ne.

Sai na ga Baba ya ajiye koma a cinyarsa. Baba da ba ya sa baki a majalisa. Ya ce, "Malam, ni tambayata ɗaya ce. 'Ya mace in ta je can, tana dawowa da abin da za ta amfani mutane?"

Farfesa ya juya gaba ɗaya ya fuskance shi. "Ƙwarai kuwa. In yarinyar tana da himma, duk da halin da muke ciki..."

Bai ƙarasa ba. Wani saurayi a tabarmar yamma, ɗan acaɓa ne mai bakin tsiya, ya miƙe ya ɗaga hannu biyu ya yi ihu: "Farfesa namu ne! Ilimi ya zaɓi gida!" Sauran suka ɗauka da tafi. Samarin gabas suka miƙe. Wani ya shuri butar yamma, ruwa ya fantsama a rigar tsohon nan. Baffa ya tashi, ya tsallake saiwar da babu wanda ya taɓa tsallakewa tun ranar ƙona rumfa, ya tsaya a kan Farfesa yana huci. Ya sa bakin sandarsa ya tuge masa hula. Hular ta faɗi a cikin ruwan da ya zube, kan mutumin ya bayyana, sanƙo da 'yar furfura a gefe.

Ban san lokacin da na yar da kujera ba. Akwai wata sabuwar ƙotar fartanya da wani ya jingine a jikin ɗorawa. Na tuna nauyinta a hannuna. Na tuna na ji wani ya kira ni. Na ɗaga ta da hannu biyu na sauke a kan Baffa, a gefen kai, saman kunnen hagu. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an fasa kabewa. Ya tsaya yana kallona, bakinsa a buɗe, kamar zai tambaye ni wani abu. Sai jini ya zubo ya rufe masa ido, ya durƙushe.

Daga nan kowa ya samu abin da yake jira. Gora ta fito, lauje ya fito, ban san inda aka ɓoye su ba. Wani ya kwaɗa mini dutse a baki, na ji haƙorina ya karye na tofar da shi tare da jini. Ɗan acaɓan nan da ya fara ihu, mutum uku suka danne shi suna dukansa da benci har ya daina motsi. Mai facin da ya rasa yatsu yana sara da adda da ragowar hannunsa, yana kiran sunan wanda ya sare shi a wancan zaɓen. Tsohon da ba ya gani sosai ya rarrafa yana laluben takalminsa, aka bi ta kansa aka karya masa ƙugu. Aka farfasa gilashin motar Farfesa, wani ya hau kanta yana tsalle. Mata suka fito ƙofar gidaje suna salati suna kiran 'ya'yansu. Ni kuwa ina tsakiya ina ta kai duka, ban san wa nake duka ba, gabas ko yamma. Abin da ya fi ba ni tsoro in na tuna shi ne daɗin da na ji. Shekara guda ana yi mini dariya, ranar babu mai dariya.

Samarin yamma biyu suka hango Baffa a ƙasa suka nufo shi da gora, don sun daɗe suna jin haushinsa. Farfesa ne ya kife a kansa. Ga shi ɗan siriri, babu hula, ya rufe Baffa da jikinsa, duka yana sauka a gadon bayansa, yana cewa, "Ku ji tsoron Allah! Dattijo ne! Ku ji tsoron Allah!" Ya cire babbar rigarsa ya naɗe kan Baffa da ita, nan take ta rine.

Wani hannu ya kama wuyan hannuna ta baya ya murɗe har ƙotar ta faɗi. Hannun mai jan koma ne, na san shi tun ina yaro. Baba bai dube ni ba. Ya riƙe ni kawai har ladan ya kunna lasifika yana ta kabbara, liman ya fito da Alƙur'ani a hannu ya shiga tsakiya, mutane suka fara ja da baya suna haki. A motar da aka farfasa aka ɗauki Baffa da tsohon da ɗan acaɓan zuwa asibiti. Farfesa ne ya tuƙa, daga shi sai 'yar shara, yana leƙen hanya ta inda gilashi ya fashe.

Babu wanda ya mutu, wannan rahamar Allah ce. An yi wa Baffa ɗinki, kunnen hagu kuwa bai sake ji da shi ba. Tsohon bai sake tafiya da ƙafarsa ba. Mai gari da liman suka shiga suka fita har aka kashe maganar ba ta je kotu ba.

Ranar da aka sallamo Baffa, bayan sallar Asuba, Baba ya kira ni zaure. Ba ya faɗar sunana saboda ni ɗan fari ne, "kai" yake cewa.

"Kai. Malamin nan naka mutumin kirki ne. Na yarda da shi. Wanda zai faɗi aibin gidansa a gaban mutane, ya kuma kare wanda ya tuge masa hula, ba zai cuci 'yar mutane ba."

Na ɗago kai.

"Amma jinin yayana aka zubar a kan maganar nan, kuma ɗana ne ya zubar. Ba ni da bakin cewa komai a kanta yanzu. Shi zai yanke. Tashi mu je."

Muka tarar da Baffa a kwance a kan katifa a tsakar gida, kansa naɗe da bandeji, ido ɗaya a kumbure. Na durƙusa na kifa goshina a ƙasa kusa da ƙafarsa na ce, "Baffa, ka yafe mini don Allah." Kuka nake yi sosai, ba na munafunci ba. Baba ya zaro takardar daga aljihu ya ajiye a gefen matashinsa ya ce, "Yaya, ga maganar yarinyar nan. 'Yarka ce. Abin da ka ce shi za a yi."

Baffa ya dubi takardar. Ya juyo da kunnen da yake ji ya fuskance ni.

"Na yafe maka jinina, duniya da lahira. Ni na ɗauke ka a kafaɗa ranar da aka yi maka kaciya, ba zan kai ka gaban Allah ba. Amma ita ba za ta je inda ka je ba."

Saura kwana huɗu wa'adin ya cika. Farfesa ya dawo sau biyu a cikin kwanakin, da bayansa a kumbure, ya zauna a gaban Baffa yana roƙo. Baffa ya sa aka yanka masa kaza, ya yi masa godiya har da hawaye, ya nemi gafarar hular, ya ce a'a. Na ce wa Baba ai jami'a ba ita ta sa na ɗauki ƙota ba, halina ne tun ina yaro. Ya ce ya sani, amma je ka faɗa wa mutumin da ba ya ji da kunne ɗaya. Shekarar da ta biyo baya ma maganar Baffa tana nan, da wadda ta biyo bayanta.

Yanzu ƙanwata tana Kiru da mijinta da 'ya'yanta. Tana aiki a wani kemis, tana miƙa wa mutane maganin da wani ya karanta, kuma an ce ta fi mai shagon sanin abin da ke kan kanta. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, sai sau ɗaya tak, ranar da wa'adin ya cika. Na same ta da hantsi a bayan ɗakin Inna tana tankaɗen garin masara. Na tsaya a kanta. Na ce, "Ki yi haƙuri. Don ke na yi."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yaya, ka san tun ranar Laraba, kafin malaminka ya zo, Baba ya ce wa Inna ta fara haɗa mini kaya? Juma'a yake jira ya je ya faɗa wa Baffa a gida, su biyu, yadda ba zai ji kunya a gaban mutane ba."

Na ce, "Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?"

"Inna ta kira ka ranar Laraba da yamma. Ka ce ta bari sai ka dawo, za ka majalisa." Ta buga rariyar a gefen ƙwarya, ta ɗebo wani garin. "Yaushe ka taɓa tsayawa aka gama faɗa maka magana, Yaya?"

Ta ci gaba da tankaɗenta.